Giram Takwas na Baba Mai Gyara

Shekara arba'in da ɗaya Baba Mai Gyara ya yi yana gyaran keken ɗinki a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin matakalar bene, a layin teloli. Shagon bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, amma akwai benci a bakin ƙofa, kuma bencin nan shi ne rabin sana'ar. Duk wanda ya kawo keke sai ya zauna a kai. Gyaran na minti goma ne, bayanin kuwa sai ya ci awa guda: me ya sa zare ke tsinkewa, wane ne ya ɗaure wannan notin kamar mai jin haushinsa, me ya sa ba a zuba wa keke man girki ko da uwar mutum ce ta ce a zuba. Matarsa takan ce kuɗin gyara kawai yake karɓa, surutun gyara ne ake ƙara wa mai saye, kuma da ana sayar da shi da tuni sun gina nasu benen.

Sai duniya ta juya. Ɗinkakkun kaya suka cika kantuna, teloli suka yi ta raguwa, waɗanda suka rage suka koma keken lantarki, irin wanda in ya lalace sai dai a cire masa ciki ɗungurungum a sa sabo. Bencin ya fara wuni babu kowa a kai. A shekarar da matar ta rasu, mai benen ya ce zai ba wani mai sayar da wayoyi shagon. Baba bai yi gardama ba, ya kwashe komai ya hau da shi ɗakinsa da ke hawa na biyu a wani gidan haya.

Ɗakin ɗaya ne, da ɗan kicin da banɗaki. Gado yana jikin bango, tebur yana gaban taga. Sauran bangon duk katakai ne, a kansu gwangwanayen madara sittin da wani abu, kowanne da takarda manne a goshinsa: allura, sifirin, bel, haƙori, kwarkwaro, ƙoshiya. Ga wanda bai taɓa leƙa cikin keke ba, ƙoshiya ita ce ɗan ƙarfen nan da kwarkwaron zare ke kwanciya a ciki, can ƙarƙashin allura. A kusurwa akwai keken matarsa a rufe da murfinsa na katako. Har bencin ya sa aka hau masa da shi, ya ajiye a bakin ƙofa ta ciki, ko da yake ban san wa yake tsammani zai hawo matakala talatin da biyu don ya zauna a kai ba.

'Yarsa ɗaya ce, malamar lissafi a wani gari mai nisan awa shida a mota. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Uwata yake kiranta, sunan kuwa ya bi ta, domin tun tana 'yar shekara goma take yi masa faɗa. Ita so take ya tattara ya koma wurinta, ta ma gyara masa ɗakin baya. Shi kuma ya ce a ɗakin baya ake ajiye tsofaffin kujeru. Da suka gaji da jayayya sai ta buɗe masa shago a intanet, ta ɗauki hoton kayan ɗaya bayan ɗaya, ta saya masa waya, ta koya masa inda zai danna.

"Baba, ga yarjejeniya," in ji ta. "Muddin shagon nan yana ɗaukar nauyin kansa, ka zauna abinka. Ranar da ya fara cin kansa, zan zo da mota. Gwangwanayen nan kuwa 'yan gwangwan su auna su a kilo."

"Na ji, Uwata."

"Ka ji ko ka yarda?"

"Na ji, na yarda."

Da ɗan sikelin makarantarsu ta zo, mai nuna giram, ta zauna a ƙasa ta auna komai. Ƙoshiya giram ashirin da biyu. Ambulan mai laushin ciki, goma sha huɗu. Tsumman da yake naɗe ƙarfe a ciki, shida. Jimla arba'in da biyu. A gidan waya kuwa tsarin a fili yake: duk ƙunshin da bai wuce giram hamsin ba, ɗari huɗu ne, in ya wuce ko da giram ɗaya, ya faɗa aji na gaba, wanda ya kai har ɗari biyu da hamsin, shi kuma dubu ɗaya ne. Ta rubuta arba'in da biyu a shafin shagon, shafin ya riƙa karɓar ɗari huɗu a hannun mai saye. Ribar ƙoshiya ɗaya ɗari biyar. Ta maida sikelin jaka ta tafi, hankalinta kwance, don a ganinta ta bar rarar giram takwas, kuma me zai ci giram takwas?

Ai kuwa ta manta ko 'yar waye ita.

Ranar da wayar ta fara yin ƙarar ciniki, Baba ya naɗe ƙoshiya, ya sa a ambulan, ya zo zai manne, sai hannunsa ya ƙi. Shekara arba'in da ɗaya bai taɓa miƙa wa mutum ƙarfe haka nan shiru ba. Ya jawo takarda ya rubuta: "Kada ka matse ɗan sukurun da ke gefe da yawa. Ka riƙe zaren ka saki ƙoshiyar, in ta sauko a hankali to ya yi daidai." Ya ƙara da maganar mai, ya ƙara da maganar ƙura. Takarda ɗaya giram biyar ce, ƙunshin ya tashi arba'in da bakwai, ya wuce lafiya.

Ciniki ba yawa, biyu ko uku a mako. Sauran lokacin ɗakin shiru. Yakan dafa shayi kofi ɗaya, ya wanke kofin, ya kife shi. Yakan tsaya a taga ya kalli masu jiran mota, ya lura da wanda aka yi wa ɗinkin wando da keken da zarensa na ƙasa ya yi sako-sako, ya rasa wanda zai faɗa wa. Maƙwabtansa matasa ne masu fita da safe, gaisuwarsu a kan matakala take ƙarewa. Wani lokaci sai ya wuni bai yi magana ba, in ya zo amsa wayar Uwata da yamma sai ya ji muryarsa ta dushe kamar ta wani. Kaɗaici ne, ba wani suna gare shi ba, kuma ya dame shi ƙwarai.

To, mutumin da ke cikin wannan hali in ka ba shi biro da takarda, ka san ba zai tsaya a sukuru ba. Takarda ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama uku. Yakan fara da yadda ake sa ƙarfen, ya gangara zuwa labarin wani tela da ya taɓa wanke kekensa da ruwan sabulu, daga nan ya faɗa zancen layin teloli da yadda ƙarar kekuna talatin ke tashi da safe.

Talata da Juma'a yake zuwa gidan waya. Akwai wata ma'aikaciya mai tabarau a taga ta biyu, wadda a zuciyarsa yake kira Mai Sikeli. Takan ɗora ƙunshin, ta duba allo, ta ce, "Hamsin da bakwai, Baba. Dubu ɗaya." Sai ya zaro ya biya. Ya sani sarai mai saye ɗari huɗu ya bayar, ya san ɗari shidan daga aljihun shagon take fita, ta cinye ribar har ta taɓa uwar kuɗi. Lissafin bai ɓace masa ba. Kawai dai yakan kawar da kai, kamar yadda ake yi wa haƙori mai ciwo.

Babu wanda ya taɓa ba shi amsa. Sau ɗaya wata mata ta rubuta a shafin: "Kaya masu kyau, amma tsohon akwai surutu." Wani zai ji haushi. Baba kuwa kwana uku ya yi yana murmushi, don ko ba komai ta karanta.

Cikin masu sayen akwai wani da ya fi ba shi mamaki. Adireshinsa ya ce shagon tela, bayan tashar jirgin ƙasa, a wani gari da Baba bai taɓa zuwa ba, don haka ya raɗa masa Telan Bayan Tasha. Mutumin nan duk wata sai ya sayi ƙoshiya ɗaya, iri ɗaya. Ƙoshiya kuwa ba gyaɗa ba ce balle a ce cinyewa ake yi, guda ɗaya tana shekara ashirin. Baba ya yanke hukunci cewa allurar keken mutumin ce ta sauka fiye da kima tana dukan ƙarfen, ya zauna ya zana masa hoto, da kibiyoyi da komai. Wata mai zuwa, ƙoshiya ɗaya. Ya sake bayani da manyan baƙaƙe. Wata mai zuwa, ƙoshiya ɗaya.

"Wannan ɗan taurin kai ne ko maɓarnaci," in ji Baba, yana faɗa wa gwangwanaye.

Amma da yake shi kaɗai ne mai dawowa, sai ya zama shi ne mai samun wasiƙa mafi tsawo. Da Baba ya gaji da zancen allura sai ya shiga ba shi labarin kansa. Ya ba shi labarin ubangidan da ya koya masa aiki, wanda yake gane ciwon keke da kunne tun daga bakin ƙofa. Ya ba shi labarin matarsa, wadda duk keken da ya gyara sai ya kawo gida ta gwada a ƙyalle, in ta ce "da saura" to da saura, kuma ba ta taɓa kuskure ba. Tela bai taɓa cewa ko sannu ba. Ko tauraro ɗaya bai taɓa danna masa ba a shafin.

Wata na takwas asiri ya tonu. Wata Lahadi bayan azahar Uwata ta kira, kuma daga yadda ta gaishe shi a tsanake ya san akwai magana.

"Baba, na duba shagon. Ka sayar da kaya saba'in da huɗu."

"Alhamdu lillahi."

"Kuɗin da ke ciki bai kai wanda muka fara da shi ba. Ɗauko mini rasit ɗin gidan waya ka karanto."

Ya ɗauko ya karanto. Dubu ɗaya. Dubu ɗaya. Ɗari huɗu. Dubu ɗaya.

"Me kake sa wa a ciki? Dutse?"

"'Yar takarda ce ta bayani."

"'Yar takarda nawa?"

Ya ninke rasit ɗin ya ajiye a tebur.

"Baba, littafi kake rubuta musu ke nan. Wa ya tambaye ka? Akwai wanda ya taɓa ba ka amsa?"

"Wata ta ce akwai surutu."

Ta yi dariya, sannan dariyar ta tsaya. Da ta ci gaba, muryarta ta yi taushi, kuma taushin ya fi faɗan zafi. "Ka ga abin da nake faɗa maka. Da kana nan da jikokinka kake yi wa surutun, kyauta. Na ba ka wata uku. Kada ƙunshi ko ɗaya ya sake wuce hamsin. In ya wuce, ka san yarjejeniya."

Ya kalli katakan, ya ƙiyasta a kilo nawa 'yan gwangwan za su auna shekara arba'in da ɗaya. Ya ce, "Ba zai wuce ba, Uwata."

Ya ɗauki niyya ta gaskiya. Ya sayo takarda mai shara-shara, ya rage girman rubutunsa har sai da ido ya fara yi masa ruwa, ya riƙa cika gaba da baya. Sikelin da ke gidan na kicin ne, mai allura, na marigayiya, kuma in abu bai kai rabin kofin sukari ba ko motsi ba ya yi. Don haka sai ya je gaban Mai Sikeli yake sanin matsayinsa.

Da cinikin Telan Bayan Tasha ya shigo a wata na tara, ya ce wa kansa takarda ɗaya da rabi, ba ƙari. Sai dai a ranar ya wayi gari da tunanin matarsa, hannun ya tafi bai waiwayo ba, ya cika takarda biyu gaba da baya. Ya lallashi kansa cewa ai wannan takardar ba ta da nauyi. Amma ya sa almakashi a aljihu, kuma bai manne ambulan ba.

"Hamsin da biyu, Baba," in ji Mai Sikeli.

"Ɗan ba ni, 'yata."

Ya rage bakin ambulan ɗin, ya ɗora. Hamsin da biyu, allon ko gezau.

"Ka cire tsumman mana," in ji ta. "Shi kaɗai zai sauko da shi."

"Ƙarfe ba ya tafiya tsirara. Ya ƙuje a hanya, ya je yana tsinka wa mutum zare."

Akwai mutum biyar a bayansa, ɗaya ya fara buga ƙafa. Baba ya zaro takarda ta biyu, bai duba abin da ke jiki ba, ya datse ƙasanta kamar faɗin yatsa uku. Hamsin da ɗaya. Ya sake datsewa. Allon ya yi rawa, ya tsaya.

"Hamsin cif. Ɗari huɗu."

Ya manne, ya biya, ya tura yankakkun cikin aljihu. Sai da ya zauna a wurin jiran mota ya fito da su ya haɗa. Da yake gaba da baya ya rubuta, almakashin ya yi wa wasiƙar rami a tsakiya, ya kuma cire mata ƙarshe. Abin da ya tafi wurin Tela ya tsaya ne a daidai inda ya ce: "Jiya na ɗaga murfin kekenta, karo na farko tun da ta rasu." Abin da ya rage a hannunsa shi ne sauran: cewa ya tarar da ƙyallen gwaji a ƙarƙashin allura, ɗinkin ya kai rabi ya tsaya, zaren bai yanke ba, cewa ya daɗe yana kallo, ya kasa cire shi, ya maida murfin. Bai taɓa faɗa wa kowa wannan ba, har Uwata. Ga shi ya faɗa, kuma maganar ta dawo gida a aljihunsa.

Ya samo gwangwanin madara wanda babu komai a ciki, ya manna masa takarda ya rubuta "Ragowa", ya zuba su a ciki.

Za ka ce daga nan ya koyi taƙaitawa. Ina. Ga sauran masu saye ya iya, ya koma layi biyar kan sukuru da mai, sai sa hannu. Amma duk ran da ya zauna rubuta wa Tela sai hannun ya ƙwace. Wata na goma ya yanke a gaban Mai Sikeli. Na goma sha ɗaya ma haka. Har ta saba, in ta hango shi a layi sai ta matsar da kwandon shara kusa, ta ga ba ya jefawa, ta daina.

Uwata ta kira tana murna. "Ka gani, Baba? Wata uku babu dubu ɗaya ko guda. Shago ya tsaya da ƙafarsa."

"Ya tsaya."

"Ba ka yi murna ba?"

"Na yi."

Wata na goma sha biyu ya zo ya wuce, Telan Bayan Tasha bai sayi komai ba. Baba ya riƙa duba wayar ko ta mutu ne, ya sa ta a caji tana cike. Ya ce ƙila a ƙarshe mutumin ya gyara allurarsa, abin da ya yi wata da watanni yana roƙonsa ya yi, amma bai ji daɗin da ya kamata ya ji ba. Ya ce ƙila ya ji haushin guntayen wasiƙu. Ya ce ƙila ya rasu. Wanda ya fi tsaya masa a rai shi ne na huɗu: ƙila tun farko ba ya karantawa, zare ƙoshiyar yake yi ya goge hannu da takardar.

Wata na goma sha uku ma shiru. Ciniki yana shigowa, yana naɗewa, yana rubuta layi biyar, Mai Sikeli tana cewa arba'in da bakwai. Komai daidai. Ɗakin da ya yi ta kokawa a kai yana nan nasa, sai dai yanzu in ya zauna a ciki ba ya ganin bambancinsa da ɗakin baya. Wata safiya ya lura ya kwana huɗu bai buɗe taga ba. Ya ɗauki waya ya kira Uwata da kansa, abin da ba ya yi.

"Ƙarshen wata ki zo da motar."

"Lafiya, Baba? Ai shagon yana tafiya."

"Yana tafiya. Ni ne na gaji."

Nasarar da ta daɗe tana nema ta zo mata a hanyar da ba ta so. Ta ce to.

Ya fara sauke gwangwanaye yana jerawa a kwali. Saura kwana tara, da hantsi, yana tsugune yana ɗaure kwali na uku, wayar ta yi ƙara. Ya goge hannu ya duba. Shagon tela, bayan tashar jirgin ƙasa. Ƙoshiya biyu. A ƙasa, inda mai saye ke iya barin saƙo, wurin da shekara guda yake fari fat, akwai rubutu.

"Salamu alaikum, Mai Gyara. Surukata ce ke rubuta mini, ita ce kuma ke karanta mini, don idona ya daina ganin ramin allura. Ta yi tafiya wata biyu, shi ya sa ka ji shiru. Ƙoshiyarka ta farko kawai muka sa a keke, tana aiki lafiya, allurar ba ta dukan komai, ka daina faɗa. Sauran goman suna cikin kofi. Wasiƙunka uku na baya sun zo a yanke. Na sa an kai ambulan ɗinka gidan wayarmu an auna, an nuna mini tsarin kuɗin, na gane abin da ya faru. Ga lissafina: ƙoshiya biyu da ambulan da tsumma, sittin da huɗu. Na biya dubu ɗaya, kuma dubu ɗaya tana kaiwa ɗari biyu da hamsin. Saura ɗari da tamanin da shida, ka cika su. Ka fara daga inda ka ɗaga murfin keken, wata biyar ke nan ina tsaye a wurin."

Baba ya karanta sau biyu a tsaye. Na uku sai da ya zauna, kuma da ya farga a kan bencin yake zaune. Ya yi kuka, ba mai yawa ba, irin na tsofaffi wanda ba ya ƙara.

Bai gama share ido ba Uwata ta kira, don duk abin da ya shigo shagon tana gani a tata wayar.

"Baba, ka ga saƙon?"

"Na gani."

"Na duba lissafinsa." Ta ɗan ja hanci. "Daidai ne. Ko giram ɗaya bai kuskure ba."

"Tela ne ai. Awo sana'arsa ce."

"To motar fa?"

Ya kalli kwalaye uku da ya ɗaure. "Bar ta tukuna, Uwata. Aiki ya same ni."

"Murfin wane keke yake magana?"

"Na babarki. In kin zo hutu ki zauna a benci in faɗa miki."

Ya sauko da gwangwanin Ragowa, ya juye a tebur, ya jera yankakkun bi da bi, ya sa musu lamba don kada surukar ta rikice. Giram shida ke nan. Saura ɗari da tamanin, takarda talatin da shida. Ya sauka matakala talatin da biyu ya sayo takarda, mai kauri wannan karon, da biro biyu. Ya buɗe taga. Kafin ya fara sai da ya je kusurwa ya ɗaga murfin keken, ya bar shi a buɗe, don in zai ba da labarin abu ya fi son yana kallonsa.

Kwana shida ya yi yana rubutu. Ranar Juma'a ya shiga layin taga ta biyu da ambulan da ya kumbura har bakinsa ya ƙi haɗuwa. Mai Sikeli ta kalli ƙunshin, ta kalle shi ta saman tabarau.

"Baba, yau almakashi zai sha aiki."

"Na baro shi a gida. An biya dubu ɗaya."

Ta ɗora. Allon ya yi rawa, ya tsaya.

"Ɗari biyu da arba'in da tara."

"Saura ɗaya ke nan."

"Saura ɗaya. Sai ka manne."

"Ɗan ba ni, 'yata. Mutumin ya biya."

Akwai mutum bakwai a bayansa. Baba ya laluba aljihu, ya yagi gefen wani tsohon rasit, ya ɗora a bakin tagar ya rubuta: "Ka ce wa surukarka ta sha ruwa kafin ta fara." Ya ninke, ya tura ciki, ya miƙa mata ta sake aunawa.